Zaren Jar Fata a Gurup na Biyu

Ranar Asabar da hantsi, a tsakiyar watan Afrilu, wata hajiya ta shigo kwamisariyar 'yan sanda ta Tawa ba ta ko tsaya amsa gaisuwar ɗan sandan bakin ƙofa ba. Wani saurayi mai farar riga, da alƙalami biyu a aljihu, yana biye da ita.

Sufeto Muktari Yunusu yana bironsa, wato ofis, fanka a tsaye tun safe domin an ɗauke kuran, babu lantarki. Wayarsa yake dubawa. Babban ɗansa Sa'idu, mai karatun aikin lantarki a Yamai, ya kwana huɗu bai kira ba, yau kuma sai ya rubuto kalma biyu: "Ina lafiya." Sufeto ya karanta su ya kai sau goma yana neman abin da ke ɓoye a ciki.

"Sufeto, ƙara na kawo," in ji hajiyar. "Ni ce Zainabu Ciɗo, shugabar ƙungiyar mata masu nono. Gidan sanyinmu na bisa hanyar Takanamat. Jiya anka ƙone muna inji."

"Wa ya ƙone shi?"

"Alƙasum. Wanda munka ba amanar gidan."

Saurayin ya matso. "Sunana Mansur, Mushe Sufeto. Ni ne teknisiyan gidan, wata uku ke nan. Hajiya gwaggona ce."

Ya yi bayani a tsare, kamar mai karanto darasi. Gurup biyu ne a gidan, wato injunan ba da wuta. In an ɗauke kuran sai a tada su duka a haɗa su kan layi ɗaya, domin ɗaya ba ya iya ɗaukar injunan sanyi uku. Jiya an ɗauke tun kafin sallar Juma'a. Alƙasum ya haɗa su, zuwa la'asar na biyu ya yi hayaƙi. Nonon da mata suka kawo daga Bambeye da Tebaram da Takanamat duk ya lalace.

"Me zai sa ya ƙone abin da yake ci da shi?" Sufeto ya tambaya.

"Haushi," in ji Mansur. "An kawo mai difilom an ɗora a kansa. Tun da na zo bai bar ni na taɓa injunan ba. Makullin ɗakin a wuyansa yake kwana."

"Ba ka taɓa buɗe su ba? Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Sufeto ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashi, ya ɗauki hularsa.

Da suka isa gidan sanyi, warin nonon da ya tsinke ne ya fara tarbarsu. Mata sun fi talatin a bakin ƙofa, kowace da jarkarta babu komai, suna ta magana gaba ɗaya. Hajiya ta tsaya a gabansu ta ɗaga murya: "Ku kwantar da hankalinku, ga hukuma na kawo ma wanda ya cuce ku!"

Sufeto ya ce ita da Mansur su jira a biron gidan. Shi kaɗai ya zagaya baya.

Wani dattijo ne zaune a kan benci a ƙofar ɗakin injuna, siriri, hannuwansa baƙaƙe da mai, makulli rataye a wuyansa. Bai tashi ba.

"Kai ne Alƙasum?"

"Ni ne. Shekara goma sha tara ni ne, yau ma ban sake ba."

"An ce ka ƙone gurup."

"Gurup ya ƙone a hannuna. Ban ƙone shi ba. Ka rubuta su dabam-dabam, ranka ya daɗe, ba abu guda ba ne."

Ya buɗe ɗakin. Injuna biyu ne kore a jere, na biyun ya yi baƙi a gefen da waya ke naɗe. Bangon ɗakin kuwa cike yake da zanen alli, ƙananan layuka a jere kamar haƙoran tsefe.

"Wannan fa?"

"Littahina ke nan. Ban yi lakkwal ba, ban iya rubutun boko ba. Duk ranar da na haɗa su, sai in zana inda allura ta tsaya." Ya nuna wani agogo mai allura ɗaya a jikin kowane inji. "Yaron can shina ce mata kosinis mi-ne-ne. Ni allura na sani."

Sufeto ya bi layukan da ido. Duk sun ɗan karkata gefe guda, kusan daidai da juna, har zuwa na ranar Laraba. Na Juma'a ba layi ba ne, ƙazar-ƙazar ne, kamar an ba yaro alli.

"Me allurar ke faɗa?"

"Ka taɓa ganin shanu biyu na jan guga guda a rijiya mai zurhi?"

"Na gani."

"To in guda ya karkace ya ja gehe, ɗan'uwan sai ya ja ɗaya gehen don ya riƙe. Su duka suna zuha, igiya na kuka, ruwan da ka hitowa bai ƙaru ba. Kuran ma haka ne. Akwai mai aiki, shi ka sanyaya nono. Akwai mai kai da komowa, ba ya sanyaya komi, zahi kawai yake sa ma waya. In injunan sun raba shi daidai, allurai biyu sai su tsaya wuri guda. Jiya ina haɗa su, ta wanga ta hwaɗi dama, ta wancan ta hwaɗi hagu. Na biyu ya kwashe kayan duka ya ɗora ma kansa."

"Babu abin da ke yanke wuta in ta yi yawa?"

"Akwai. Sau uku ya yanke, sau uku na mayar."

Sufeto ya ɗago. "Ka san abin da ka faɗa yanzu zai iya ɗaure ka?"

"Na sani. Nonon mata ɗari biyu na ciki, rana na ƙuna. Na murɗa na rage, na murɗa na ƙara, allura ta ƙi tsayawa. Na kira mai difilom sau bakwai bai ɗauka ba. Ka rubuta wannan ma."

Sufeto ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin injin da ya ƙone. Cikin mai da ƙasa ya hangi wani abu ja. Ɗan zaren fata ne, bai kai tsawon yatsa ba, da ƙulli a tsakiya, an yanke shi sumul da abu mai kaifi. Ya sa a aljihu.

"Buɗe mini akwatin nan na sama."

Alƙasum ya kwance kusoshi huɗu ya ɗaga murfin. Sai ya tsaya cak.

"Wanga ba nawa ba ne."

"Mene ne?"

"Regilata. Shi ka riƙe ƙarhin wutar injin kada ya hau kada ya sauka. Nawa shina da ɗigo uku na jan farce, na ɗiyata Kadidiya, na sa a inda kowane abin murɗawa ya kamata ya tsaya. Wanga sabo ne, na kasuwa. Kuma dubi wayoyin ga biyu."

Wayoyi ne sirara guda biyu, mai lamba ɗaya a kan kusa mai lamba ɗaya, mai lamba biyu a kan biyu, an naɗe bakinsu da baƙin salatif tsaf, an lanƙwasa ƙarshensa kamar kunne.

"Ni na ga daidai suke," in ji Sufeto.

"Daidai a takarda. Wayoyin ga daga wani zobe suke hitowa, shi ka hwaɗa ma regilata in injin ya ɗauki kaya da yawa ya sassauta ma ɗan'uwansa. Waɗanda sunka kahwa injin ga tun hwarko sun sa zoben a juye. Kwana tara na yi ina nema kahin in gane. Maimakon in kwance babbar waya, sai na gicciya ƙananan, ɗaya a biyu, biyu a ɗaya, na ɗaura ma guda zaren jar hwata don kada in manta. In ka miƙe su, sai injin ya ji saƙon a juye. A ce masa sassauta, shi kuwa ya ƙara ja."

"Me ya hana ka dubawa jiya?"

"Ya za a yi in nemi ciwo a akwatin da na san ba wanda ya taɓa?"

Sufeto ya ɗauki hoton wayoyin da wayarsa. "Makullin nan ya taɓa barin wuyanka?"

Dattijon ya dubi bango. "A'a."

A biro, Sufeto ya gaya wa Hajiya da Mansur abu ɗaya kawai: an cire regilatan asali an sa na kasuwa. Bai ambaci wayoyi ba, bai ambaci fata ba.

Mansur ya tafa hannu. "To ai magana ta ƙare! Ba haushi kaɗai ba ne, har da sata. Wa ke da makulli?"

Hajiya ta sa aka kira Alƙasum. Ta dube shi, muryarta ta ɗan yi laushi. "Malam Alƙasum, mun daɗe tare. Ka amsa laihinka, ka ba matan ga haƙuri, ka aje makulli ka tahi gida. Ni kuwa in janye ƙara."

"Hajiya, ɗiya biyar gare ni. Ban tara musu gona ba, ban tara musu shanu ba. Suna kaɗai zan bar musu, shi kike so in aje miki bisa tabur?"

"Kurkuku za ka tahi hwa."

"A buɗe ta. Na hi son ta da haƙurin ga naki."

Sufeto bai so ba, amma makulli ɗaya ne, kuma mai shi ya ce bai taɓa barin wuyansa ba. Ya tafi da shi kwamisariya. Da za su wuce ta cikin matan nan, wata ta ce "ɓarawo" a hankali. Alƙasum ya tsaya ya juyo.

"Ɗaga murya, Raƙiya. In kin tabbata, ɗaga murya."

Matar ta sunkuyar da kai.

Bayan la'asar wata mace ta zo kwamisariya da kwanon abinci, ta tsaya a ƙofar biron Sufeto ba ta jira an ce ta shigo ba. Ta ce ita ce Kadidiya, malamar firamare, babbar 'yar Alƙasum. Ta ɗora wata 'yar kwalbar jan farce a kan tebur.

"Babana ya ce kun yi maganar wannan. Ga shi, ku gwada launin in kun samu abin da aka sace. Kuma ku faɗa mini yaushe aka sace shi."

"Tsakanin Laraba da Juma'a. Alhamis ba a ɗauke kuran ba, ba a tada injin ba."

"To Alhamis babana ba ya gari. Tun safe muka tafi Tebaram ta'aziyyar ƙanen innata, sai la'asar muka dawo. Mutum ɗari sun gan shi."

"Da makullin a wuyansa."

"Babu makulli. Ni na zuba masa ruwan alwala. Har na tsokane shi na ce yau an saki amarya a gida."

Sufeto ya jingina da kujera. Ya dubi yadda take tsaye, haɓa a sama. Ya tuna nasa 'ya'yan, ya tambayi kansa wanne a cikinsu zai zo ya tsaya masa haka.

Ya je ɗakin da aka tsare dattijon.

"Baba Alƙasum, ka yi mini ƙarya."

"Na yi."

"Wa ka ba makulli?"

"Wanda na ba, ba ya sata. In na hwaɗi sunansa, Hajiya za ta kore shi kahin rana ta hwaɗi, shi kuwa ba shi da kowa a garin ga."

"Ka gwammace ka kwana a nan?"

"Tabarmarku ma ta hi tawa. Ka tahi ka yi aikinka, ranka ya daɗe, ni ba zan yi maka shi ba."

Sufeto ya kusa yin dariya. A gidan sanyi mutum ɗaya ne ba shi da kowa a gari.

Ranar Lahadi da safe ya tarar da Rissa mai gadi a rumfarsa, rawani ya rufe masa baki, butar shayi a kan gawayi. Mutumin arewa ne, fari ya cinye masa raƙuma shekarun baya, ya gangaro birni. A wuyansa akwai jakar fata mai geza ja.

Sufeto ya karɓi kofin farko ya shanye kafin ya yi tambaya.

"Alhamis wa ya shiga ɗakin injuna?"

"Ba kowa."

"Makullin fa?"

"Wane makulli?"

Sufeto ya fito da zaren nan ya ɗora shi kusa da gezar jakar. Launi ɗaya, kauri ɗaya.

Rissa ya daɗe yana kallonsa. "Ni na yanko ma Alƙasum wannan. Shekara sha ɗaya."

"Yana kwamisariya tun jiya. Ya ƙi faɗin sunanka. Ya ce wanda ya ba makulli ba ya sata."

Mai gadin ya aje butar. Ya gyara rawaninsa sau biyu.

"Ya ce haka?"

"Da bakinsa."

"To ni ma ba zan zauna ina shan shayi shi yana can ba. A kore ni." Ya miƙe zaune. "Alhamis da hantsi Mansur ya zo. Ya ce Hajiya ce ta aiko shi ya duba mai. Na ba shi makullin da Alƙasum ya bar mini. Ya yi kamar awa guda a ciki. Ya fito da jakarsa, ya ce in na gaya wa tsoho, aikina ya ƙare, shi ɗan gida ne. Ya hau moto, babur ɗin nan nasa, ya yi hanyar Bambeye. Da yamma ya dawo da buhun albasa a baya, har ya ba ni uku."

"Wa yake da shi a Bambeye?"

Idanun Rissa suka yi murmushi a saman rawani. "Sufeto, saurayi ba ya kai kansa Bambeye cikin wannan rana don albasa."

Da yake Bambeye ƙauye ne, hurumin jandarmomi ba na 'yan sanda ba, Sufeto ya biya ya ɗauki jandarma ɗaya, suka tafi tare. Ba su sha wuyar neman lambun ba. Na wani alhaji ne mai rijiyoyi huɗu da babban gurup a ƙarƙashin rumfar kwano, yana ta ruri, ruwa na gudu cikin fangalin albasa da tumatir.

Alhajin ya tarbe su da fara'a. Da aka ambaci Mansur sai ya washe baki. "Ai ɗa ne. Shi ka neman ɗiyata. Yaron shina da kai! Satin da ya wuce ya ce bari ya daidaita min injin ga, ya taɓa, sai wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Kwana uku ba ruwa, na ce masa in shukar ga ta mutu kada ya sake tako min gida. Ya kawo wani ƙarhe daga kasuwa, bai riƙe ba. Alhamis sai ga shi da wani, ya ce daga Yamai ya sa anka aiko. Tun ran nan ko tari injin bai yi ba."

Sufeto ya sa aka kashe injin aka buɗe akwatin. Ɗigo uku ne ja a jikin regilatan. Ya fito da kwalbar Kadidiya ya kara da su: launi ɗaya ne.

Murmushin alhajin ya tafi. "Daga Yamai ya ce min."

"Daga hanyar Takanamat ne, Alhaji."

Ranar Litinin da hantsi Sufeto ya tara su a ɗakin injuna: Hajiya, Mansur, Alƙasum da wani birgadiyen 'yan sanda ya kawo daga kwamisariya, da Rissa a bakin ƙofa. Kadidiya ta bar aji ta zo, ba wanda ya gayyace ta, ba kuma wanda ya iya cewa ta fita. Matan nono suna can bakin ƙofar gida kamar kullum.

A kan benci Sufeto ya aje regilatan kasuwa da aka ciro, da wayoyi biyu masu lamba, da salatif.

"Mushe Mansur, ina so in rufe takardata, amma ni ban san aikin ba. Kai ne mai difilom. Nuna mini yadda ake ɗaura waɗannan."

Mansur ya naɗe hannun riga. Cikin minti biyu ya gama: ɗaya a ɗaya, biyu a biyu, ya naɗe salatif tsaf, ya lanƙwasa ƙarshensa kamar kunne.

Sufeto ya fito da hoton da ya ɗauka ranar Asabar ya ɗora kusa da aikin. "Har kunnen iri ɗaya."

"Duk wanda ya yi lakkwal haka zai yi," in ji Mansur da sauri. "Haka ake koyarwa."

"Gaskiya ne. Baba Alƙasum, kai da ba ka yi lakkwal ba, zo ka ɗaura."

Dattijon ya kwance su, ya gicciya, ɗaya a biyu, biyu a ɗaya.

Mansur ya yi tsalle. "Gwaggo, kin gani da idonki! A gicciye! Shekara sha tara yana yi muku aikin jahilci! Mutumin da ke ɗaure waya da tsumman fata kamar mai ɗinkin laya, shi za a bar wa inji?"

"Wace fata?" in ji Sufeto.

Mansur ya juyo gare shi, Sufeto ya ci gaba.

"Ban ga fata a kan bencin nan ba. Ban yi maganar fata da kai ba, ban yi da Hajiya ba. Fatar a cikin akwati take, a rufe da kusa huɗu. Ranar Asabar ka ce mini ba ka taɓa buɗe shi ba, ko sau ɗaya. Na ja layi a ƙarƙashi."

"Ji na yi... wani ne ya faɗa mini..."

"Wa?"

Mansur ya dubi Rissa. Rissa ya dube shi ido cikin ido, bai kau da kai ba.

Sufeto ya aje zaren ja a kan benci. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da regilata mai ɗigo uku. "Alhaji na Bambeye yana gaishe ka. Ya ce ka bar albasar, amma kada ka koma."

Saurayin ya ja da baya. Ya zauna a ƙasa cikin mai, da farar rigarsa.

"Aro na yi," ya ce. "Wallahi zan mayar. Na lalata na Alhaji, na kasuwa ya ƙi zama a can, ya ce kada in sake zuwa. Na ce bari in musanya na sati ɗaya. Da na buɗe na ga wayoyi a gicciye, takardar injin kuwa ta ce ɗaya a ɗaya. Na ɗauka gyara nake yi. Na ɗauka har gode mini za a yi."

"Ranar Juma'a ya kira ka sau bakwai."

"Na ga kiran. Tsoro na ji."

Alƙasum ya matso ya tsaya a kansa. Bai ɗaga murya ba. "Da ka ɗauki waya ka ce min, Baba, na taɓa akwatin, da na kashe na juya su kahin shayin Rissa ya tahwasa. Injin na nan, nonon mata na nan, kai ma kana nan da rigarka hwara. Satar ba ta ƙone shi ba, yaro. Shirunka ya ƙone shi."

Hajiya ta dafa bango. "Sufeto, ɗan wana ne. A bar maganar a gida."

"Ranar Asabar ba ki ce a bar ta a gida ba, Hajiya. Ke kika kawo ta. Yanzu ta wuce hannuna." Ya yi wa birgadiye alama, aka ɗaga Mansur aka sa masa ankwa.

Hajiya ta juya wajen dattijon, ba ta iya haɗa ido da shi ba. "Malam Alƙasum, ka yi haƙuri. Ka koma bakin aikinka."

"A'a."

"Mi kuma kake so?"

"A ɗakin ga kinka ce na cuci mata? A bakin ƙohwa kinka hwaɗa, da ƙarhi, kowa ya ji. Can za ki tahi ki kwance. Kuma Rissa na nan a rumhwarsa, ba mai taɓa shi. In ba haka ba, ga makullinki." Ya cire shi daga wuya ya aje a kan benci kusa da zaren.

Hajiya ta dubi makullin, ta dubi gurup ɗayan da ya rage, wanda babu mai sanin halinsa sai mutum ɗaya. Ta gyara mayafi ta fita. Daga cikin ɗakin suka jiyo muryarta, da farko ƙasa-ƙasa.

"Ba mu ji ba, Hajiya!" Kadidiya ta ɗaga murya daga bakin ƙofa.

Hajiya ta sake faɗa, wannan karon har masu wucewa a titi suka tsaya: Alƙasum bai saci komai ba, bai cuci kowa ba, ɗan gidanta ne ya yi.

Sai a lokacin dattijon ya ɗauki makullin ya mayar wuyansa. Ya miƙa hannu zai ɗauki zaren, Sufeto ya riga shi.

"Wannan na alƙali ne yanzu."

Rissa ya zaro 'yar wuƙarsa, ya yanko wani daga gezar jakarsa, ya miƙa. Alƙasum ya ƙulla shi a jikin igiyar makullin.

"Nan zai zauna sai ran da anka naɗo ma na biyu sabuwar waya," ya ce. "Kuma a gicciye zan sa su. Wanda bai so ba ya zo ya tambaye ni dalili."

Aka fito da Mansur ta cikin matan. Suka buɗe masa hanya. Birgadiye ya sa shi a bayan mota ya rufe.

Sufeto ya zagaya zai shiga gaba, sai ya tsaya da hannu a kan ƙofa. Ya fito da waya ya kira Yamai. Sai da ta yi ƙara sau biyar aka ɗauka.

"Baba? Ina cikin aji."

"Sa'idu, saurara. In ka gama karatun nan ka je wurin aiki, ka tarar da waya an ɗaure ta da abin da babu shi a littafinku, kada ka yanke. Nemi wanda ya ɗaura ka tambaye shi."

"Baba, lafiya kuwa?"

"Lafiya. Kuma in an kira ka, ka ɗauka."

Ya kashe wayar, ya shiga mota, ya ce wa direba su tafi.